Tambaya da Amsa: Wa Zai Biya Kuɗin Sabuwar Sakatariya a Tsakiyar Birni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Majalisar birninmu ta sanar da cewa za ta rushe tsohuwar sakatariya ta gina sabuwa mai hawa da yawa a tsakiyar birni, haɗe da zauren kansiloli da ɗakin karatu. Magajin gari ya ce wani kamfani ne zai gina da kuɗinsa, ba za a taɓa aljihun talaka ba. Ni malamar makaranta ce mai ritaya, kuma an gayyace mu taron jin ra'ayin jama'a mako mai zuwa. Shin da gaske ana iya yin gini irin wannan ba da kuɗinmu ba? Kuma me ya sa sai a tsakiyar birni, inda fili ya fi ko'ina tsada da cunkoso?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara lafiya.

Maganar magajin gari gaskiya ce har zuwa ranar da za a yanke zare a buɗe ginin. Kafin wannan rana, mai yiwuwa ko sisi ba zai fita daga asusun majalisa ba. Daga ranar da kamfani ya miƙa makulli kuwa, biya ya fara, kuma yakan ɗauki shekara ashirin zuwa arba'in. Kamfanin shi ma rance ya ciwo daga banki, ya ɗora kuɗin ruwa, ya ɗora ribarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙaramar hukuma, ko'ina take a duniya, tukwane uku gare ta. Akwai harajin da kuɗaɗen shigar da take karɓa daga mutanen gari, akwai kason da gwamnatin sama ke turo mata, akwai kuma kadarorinta, wato filaye da gine-gine. Duk sunan da aka laƙaba wa tsarin samo kuɗin gini, a kira shi lamuni, ko haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, ko sukuk (takardun zuba jari na tsarin Musulunci), ko haya, daga ɗaya cikin tukwanen nan uku za a ɗebo a biya. Bambancin kawai shi ne yaushe za a biya, nawa za a biya, kuma wa zai ɗauki asara idan lissafi ya ɓaci.

Amma bari mu ajiye kuɗi tukuna, domin a aikina na ga an fi tafka kuskure tun kafin a zo kan kuɗi.

Wata majalisa ta taɓa kiran mu mu duba shirinta na sabon gini. Mun tarar har an yi zane mai kyau, an rataye shi a ofishin shugaba cikin gilashi. Na tambayi takardar da aka ba mai zanen, wadda ta nuna ma'aikata nawa ne, mutum nawa ke zuwa neman hidima a rana, ɗaki nawa kowane sashe ke buƙata. Babu ita. Abin da aka yi, an zagaya an tambayi kowane darakta abin da yake so, kowa kuwa ya ce ofis babba da banɗaki a ciki da ɗakin jiran baƙi. Sai muka ɗauki tef da littafi muka bi tsohon ginin ɗaki-ɗaki. A hawa na sama mun tarar da ɗakuna cike da fayil-fayil ɗaure da igiya, an jibge su har kusa da silin, ga bokiti a tsakiya yana tarar yoyo. A ƙasa kuma, inda jama'a ke zuwa biyan haraji da karɓar takardar haihuwa, benci ɗaya ne, tsofaffi na tsaye a baranda. Ashe fili bai yi wa ginin kaɗan ba. Takardu ne suka mamaye wurin mutane. Da aka sake lissafi, aka kai tsofaffin takardu ma'ajiya a bayan gari, aka sa na yau da kullum a kwamfuta, sabon ginin da ake buƙata ya ragu ƙwarai, kuma mafi yawansa ya koma zauren karɓar jama'a.

Wannan takarda ta bayanin buƙata ita ce uwar aiki. Daga ita ake samun faɗin ginin, daga faɗin ake samun kuɗinsa. Bayanta sai takardar da ke auna zaɓi da zaɓi: a gyara tsohon ne, a yi masa ƙari ne, a kama haya ne, ko a rushe a sake? Rahoton injiniya kan lafiyar tsohon ginin shi ke raba gardama a nan. Wani ginin ƙashinsa lafiya lau yake, wayoyin lantarki da famfo da rufi ne suka mutu, gyara ya wadatar. Wani kuwa ginshiƙansa sun tafi, zuba masa kuɗi asara ce. In majalisa ba ta iya nuna muku wannan rahoto ba, to cinikin biri a sama ake yi da ku.

Sai batun tsakiyar birni. A nan ina bayan majalisarku, sai dai da sharaɗi. Sakatariya wuri ne da kowa zai je wata rana: mai neman izinin gini, mai rajistar aure, mai ƙorafin magudanar ruwa, tsohuwa mai bin haƙƙinta. Motocin haya da bas-bas na kowace unguwa a tsakiyar gari suke haɗuwa, don haka mara mota da hawa ɗaya ya iso. Idan aka kai ofis bayan gari don fili ya fi araha, majalisa ta yi tsimi sau ɗaya, jama'a kuma su yi ta biyan kuɗin mota har abada, kuma wannan kuɗi ba ya fitowa a kasafin kowa. Ga kuma ɗaruruwan ma'aikata da masu zuwa wurinsu, waɗanda zirga-zirgarsu ke raya kasuwancin da ke kewaye. Birane da dama sun kwashe ofisoshinsu zuwa gefen gari, suka wayi gari tsakiyar birni ta zama kufai da yamma ta yi. Tsadar fili ma sau da yawa ba ta taso ba, tunda filin tsohuwar sakatariya na majalisa ne tun asali.

Sharaɗin shi ne kada ginin ya cinye unguwar da ya zo rayawa. Birnin Boston na Amurka ya rushe tsohuwar unguwar Scollay Square a farkon shekarun 1960, ya gina cibiyar ofisoshin gwamnati a wurin, aka kammala sakatariyar birnin a 1968. Gabanta aka shimfiɗa wani makeken fili na jan bulo, ba inuwa ba wurin zama, iska na kaɗawa. Mutane suka riƙa ratsa shi da sauri ba mai tsayawa. A 2006 magajin garin na lokacin, Thomas Menino, har ya kawo shawarar a sayar da ginin a koma bakin ruwa, shawarar ba ta yi nisa ba. Sai a 2022 aka kammala gyaran filin, aka dasa bishiyoyi, aka yi wurin wasan yara. Fiye da shekara hamsin ke nan ana gyaran kuskuren zane ɗaya. Saboda haka idan aka nuna muku hoton ginin a taro, kada ki tsaya kallon samansa. Ki duba hawa na ƙasa: ina ƙofa take, tana kallon titi ne ko tana bayan katanga da wurin fakin manya? Mai keken guragu ta ina zai shiga? Bas a ina zai sauke mutane?

To, mu koma kan kuɗi.

Hanya mafi tsabta ita ce majalisa ta riƙa ware wani abu kowace shekara har ya isa, ko gwamnatin sama ta ba da tallafi. Ba kuɗin ruwa, ba mai bin bashi. Aibinta, kafin kuɗin su taru farashin siminti da ƙarfe ya gudu ya bar su, ga kuma asusun da ke zaune kamar nama a gaban kura, kowace sabuwar majalisa sai ta kai masa hannu. Manyan gine-gine kaɗan ne ake yi ta wannan hanya.

Abin da aka fi yi shi ne rance, ko daga banki, ko ta sayar da takardun lamuni ga masu zuba jari. Bashi a kan gini ba abin kunya ba ne. Ginin da zai yi shekara sittin yana aiki, adalci ne waɗanda za su more shi nan gaba su ɗauki wani kaso na nauyinsa. A Amurka wannan kasuwa ta yi ƙarfi sosai saboda ribar takardun lamunin birane galibi ba a cire mata harajin tarayya, shi ya sa masu jari ke yarda da kuɗin ruwa kaɗan. Ahmedabad ta Indiya ta sayar da nata a 1998 don aikin ruwa da magudanai, Johannesburg ta bi sahu a 2004. Dakar ta shirya nata tsaf a 2015, gwamnatin tsakiya ta taka mata birki ana gab da fitarwa. Wannan na nuna miki cewa ikon cin bashi ba a hannun majalisa kaɗai yake ba. A ƙasashe da yawa sai doka ta ba da dama, sai kuma gwamnatin sama ta sa hannu.

Ga lissafin da nake so ki riƙe, ki sa kowane irin kuɗi kike so. A ce an ranto miliyan 100 za a biya cikin shekara 20. Idan kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari ne, majalisa za ta riƙa biyan kimanin miliyan 8 a shekara, jimla wajen miliyan 160. Idan kashi 10 ne, biyan shekara ya haura miliyan 11 da rabi, jimla kusan miliyan 235. Gini ɗaya, bulo ɗaya, amma bambancin miliyan 75. Adadin da ake rubutawa a allon kwangila a bakin titi, miliyan 100 ɗin nan ne kawai.

Yanzu ga tsarin da ake shirin yi muku. Kamfani ya zana, ya nemo kuɗi, ya gina, ya kuma ci gaba da kula da ginin, majalisa ta riƙa biyan shi wani adadi kowace shekara muddin ginin na aiki yadda aka yi alkawari. Birnin Long Beach a jihar Kalifoniya haka ya yi: tsohuwar sakatariyarsa ba za ta jure girgizar ƙasa ba, ya ƙulla yarjejeniya ta shekara 40, aka buɗe sabuwar sakatariya da babban ɗakin karatu da hedikwatar tashar jiragen ruwa a 2019, aka kuma ba kamfanin wasu filaye ya yi nasa gine-ginen. Amfanin tsarin a bayyane yake. Wanda ya san shi zai gyara rufi idan ya yi yoyo nan da shekara goma sha biyar, ba zai yi ha'inci a rufin ba. In lif ya tsaya ko na'urar sanyaya wuri ta mutu, ana zabtare masa kuɗin watan. Idan kuma aikin ya zarce kuɗin da aka yanka, shi ya jiyo, in dai an rubuta yarjejeniyar da kyau.

Sai dai kamfani ba ya samun rance da arahar da gwamnati ke samu, kuma wannan tazara ku za ku cike ta. Birtaniya ta fara irin wannan tsari a 1992, ta gina asibitoci da makarantu da ofisoshi da shi. A farkon 2018 ofishin binciken kuɗin ƙasar ya bayyana cewa akwai yarjejeniyoyi sama da 700, darajar gine-ginensu wajen fam biliyan 60, amma abin da ya rage a biya har zuwa shekarun 2040 ya kai fam biliyan 199, haɗe da kuɗin kula da hidima. A ƙarshen shekarar gwamnati ta ce ta daina ƙulla sababbi. Wani abin da ya ƙara ɓata wa mutane rai shi ne taurin yarjejeniyar: ka so ka matsar da bango ko ka ƙara soket, sai ka nemi izinin kamfani, shi kuma ya yanka maka farashin da ya ga dama, don ba ka da wani wurin zuwa.

Akwai kuma dalilin da 'yan siyasa ba su cika faɗa ba. A wurare da yawa doka ta ƙayyade yawan bashin da majalisa za ta ci, wasu wuraren ma sai an kaɗa ƙuri'a. A Kalifoniya, lamunin da za a biya da harajin kadarori don gina ofishin birni sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun amince. Idan aka kira abin haya, ya zille wa wannan shinge. Majalisa na biya kowace shekara kamar mai bashi, amma a takarda 'yar haya ce. Ni dai a wurina duk abin da ba za ka iya daina biya ba tare da an fitar da kai daga ginin ba, bashi ne.

Haya ta gaskiya ma tana da nata. Hukumar birnin Landan ta shiga sanannen ginin nan mai kama da ƙwai a bakin kogin Thames a 2002, wanda kamfanin Norman Foster ya zana. Ba nata ba ne, haya ta kama ta shekara 25. Da kuɗin hayar ya wuce fam miliyan 11 a shekara, ga aljihu ya yi zafi lokacin annobar korona, magajin gari Sadiq Khan ya kwashe ma'aikata a 2022 zuwa wani gini da hukumar ta mallaka a gabashin birnin. Shekara ashirin ana biya, aka fita ba ko bulo ɗaya.

Ga masu gudun riba akwai sukuk na ijara, inda masu jari ke mallakar amfanin ginin, hukuma na biyan su haya, a ƙarshe kadarar ta dawo hannunta. Jihar Saxony-Anhalt ta Jamus ta yi haka a 2004 da gine-ginen gwamnati, ta tara yuro miliyan 100. Tsarin ya kauce wa kuɗin ruwa, amma hayar daga asusun jama'a take fita.

Wurin da maganar "ba za a taɓa aljihun talaka ba" ta fi kusa da gaskiya shi ne inda aka biya da fili. Gundumar Toshima a Tokyo ta buɗe sabon ofishinta a 2015 a cikin bene mai hawa 49. Ofisoshin gunduma suna hawan ƙasa-ƙasa, sama kuma gidaje ne fiye da 400. Gundumar ta sa filin wata makarantar firamare da aka rufe a cikin aikin, aka ba ta wani ɓangare na ginin a madadinsa, ragowar kuma ta saya da kuɗin da ta samu ta hanyar ba da filin tsohon ofishinta haya na fiye da shekara 70. Ba ta ci sabon bashi don ginin ba. Dabara ce mai kyau, amma ta yi aiki ne don fili a wannan yanki na Tokyo zinariya ne. Kuma ko a can, jama'a sun biya, da filinsu suka biya. Idan kamfanin da zai yi muku gini za a ba shi wani fili ko wasu hawa na shaguna, to wa ya kimanta darajar filin? Mai kimantawa ɗaya ne ko biyu? An tallata wa sauran kamfanoni su yi takara, ko kiran mutum ɗaya aka yi ɗaki? Mafi yawan cuwa-cuwar da ke cikin irin wannan ciniki a farashin fili take ɓuya, don ba wanda ke ganin kuɗi sun fita daga asusu.

Saura abin da kowa ke mantawa: gini yana ci kamar mai rai. Wuta, ruwa, masu shara, masu gadi, gyaran lif, fenti, canjin rufi da na'urori idan sun tsufa. Bene mai bangon gilashi a ƙasa mai zafi, kuɗin sanyaya shi kaɗai na iya karya kasafin sashe guda. Matse kuɗi wajen gini ma ba tsimi ba ne. Birnin Portland na jihar Oregon ya buɗe ginin ofisoshinsa a 1982, zanen Michael Graves, wanda ya yi suna a duniya, amma an yi shi da kasafi matsattse. Tagogi ƙanana, ciki duhu, ruwa na shiga ta bango. Aka yi ta faci shekara da shekaru, a ƙarshe majalisa ta ware dala miliyan 195, aka kwashe ma'aikata, aka kusan sake ginin daga ƙashinsa. Araha ba ta ado.

Shi kansa kiyasin farko, ki yi taka-tsantsan da shi. Adadin da ake faɗa kafin a gama zane da gwajin ƙasa kusan kullum ƙasa yake da na gaskiya, wani lokaci don rashin sani, wani lokaci da gangan don a samu amincewa, tunda an san in aka kai linta ba mai cewa a tsaya. A tsakiyar birni kuwa abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ke ba da mamaki: tsofaffin bututun ruwa, wayoyin da ba su cikin taswirar kowa, harsashin ginin da aka manta. Shi ya sa kiyasi na ƙwarai ke ɗauke da kuɗin ko-ta-kwana a fili. Ki kuma lura ko an sa kuɗin rushe tsohon gini, da hayar inda ma'aikata za su zauna shekara biyu ko uku, da kujeru da kwamfutoci, da diyyar maƙwabtan da aikin zai taɓa. Waɗannan ake cirewa don adadin ya yi kyau a jarida. Babban abin tsoro kuma shi ne a rushe tsohuwa kafin kuɗin sabuwa su tabbata: ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami, zaɓe ya zo, sabuwar majalisa ta ce ba aikinta ba ne, a bar muku kango a tsakiyar gari, ma'aikata na gidan haya.

Ranar taro, Malama, za a ba ki minti biyu ne ko uku, kuma za a so a ja ki zuwa maganar kyan gini. Ki miƙe ki tambayi ma'ajin majalisa, shi ne mai amsar, ba magajin gari ba: nawa za mu riƙa biyan kamfanin a shekara, har shekara nawa, kuma adadin yana hawa da hauhawar farashi ko a tsaye yake? Wannan kuɗi kashi nawa ne na abin da majalisa ke tarawa da kanta a shekara, kuma wane aiki za a rage don a samo shi? In lokaci ya rage, ki ƙara da cewa ginin na wa zai zama idan wa'adi ya cika, kuma me zai faru idan kamfanin ya durƙushe aiki na tsaka. Ki nemi a rubuta tambayoyinki a cikin bayanan taro, a kuma ajiye kwafin daftarin yarjejeniyar inda kowa zai iya zuwa ya karanta kafin kansiloli su kaɗa ƙuri'a. In aka ce miki sirrin kasuwanci ne, ki ce kin yarda kamfani ya ɓoye yadda ya yi lissafin ribarsa, amma adadin da zai riƙa fita daga asusun majalisa kowace shekara dole ya bayyana a kasafin kuɗi, don haka a faɗa muku shi tun yanzu.